Janar Doni Monardo: Sojan da Ya Jagoranci Yaƙi da Bala'o'i a Indonesiya

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ambaci babban hafsan soja, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne bindiga da fareti da ba da umarni. Ba kasafai ake kawo dashen itace ko kwashe shara daga kogi ba, balle fassara saƙon kiwon lafiya zuwa harsunan ƙauye. Amma waɗannan abubuwa su ne aka fi tunawa da Laftanar Janar Doni Monardo da su a ƙasarsa Indonesiya, inda ya shugabanci hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa daga watan Janairun 2019 zuwa watan Mayun 2021. Wannan maƙala za ta bi sawun aikinsa tun daga bariki har zuwa wannan kujera, domin a ga abin da soja zai iya yi a irin wannan muƙami, da kuma inda ƙarfin kaki yake ƙarewa. Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ɗaliban harshe, za mu zo kansa.

Ƙasar da ba ta rabuwa da bala'i

Kafin a fahimci nauyin kujerar, sai an san ƙasar. Indonesiya tarin tsibirai ce sama da 17,000, da mutane kimanin miliyan 270 bisa ƙidayar 2020, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Tana zaune a daidai inda manyan faifan ƙarƙashin ƙasa suke gogayya da juna, shi ya sa girgizar ƙasa ta zame mata ruwan dare. Tana da duwatsu masu aman wuta fiye da 120 da ba su mutu ba. Da damina ga ambaliya da zaftarewar ƙasa, da rani ga gobarar daji.

Babban abin da ya farkar da ƙasar shi ne girgizar da aka yi a ƙarƙashin teku ranar 26 ga Disamban 2004, wadda ta tayar da igiyar ruwan da ake kira tsunami. A Indonesiya kaɗai an rasa rayuka sama da 160,000, kusan dukansu a lardin Aceh. Bayan wannan ne majalisa ta yi dokar kula da bala'o'i a 2007, aka kuma kafa hukumar da ake taƙaita sunanta da BNPB a 2008. Shugabanta yana kai rahoto ga shugaban ƙasa ne kai tsaye, kuma matsayinsa daidai yake da na minista. Idan mai karatu yana neman abin kwatance a gida, to ya ɗauki hukumar NEMA ta Nijeriya da aka kafa a 1999, wadda ita ma hafsoshin sojan sama sun taɓa riƙe ta, sai dai ta Indonesiya ta fi ta faɗin iko.

Daga bariki zuwa fadar shugaban ƙasa

An haifi Doni Monardo ranar 10 ga Mayun 1963 a garin Cimahi da ke Java ta Yamma. Iyayensa 'yan ƙabilar Minangkabau ne daga Sumatra ta Yamma, kuma mahaifinsa soja ne, saboda haka ya tashi yana bin iyayensa daga wannan gari zuwa wancan. Wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Aceh ya yi shi, sakandare kuwa a birnin Padang. Ya kammala makarantar horar da hafsoshi a 1985, daga nan ya shiga Kopassus, wato rundunar zaratan sojojin ƙasa masu jar hula, inda ya shafe fiye da shekara goma, har da aiki a Timor ta Gabas da Aceh.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Kopassus runduna ce da ake jin tsoronta, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun daɗe suna zarginta da cin zarafin jama'a a waɗannan yankuna biyu a zamanin mulkin Suharto. Wannan ita ce makarantar da ta rene shi, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa wasu 'yan ƙasar ba sa sakin jiki da ganin kaki a kujerar farar hula.

Sunansa ya fito fili a 2011, lokacin da 'yan fashin teku na Somaliya suka kama jirgin ruwan dakon kaya na Indonesiya mai suna Sinar Kudus da ma'aikata 20 a cikinsa. Doni yana cikin manyan kwamandojin rundunar da aka tura. An sako jirgin ranar 1 ga Mayu bayan an biya kuɗin fansa, sojojin kuma suka bi sawun 'yan fashin suka kashe huɗu daga cikinsu. Daga 2012 zuwa 2014 shi ne kwamandan rundunar da ke tsaron Shugaba Susilo Bambang Yudhoyono, sannan ya koma Kopassus a matsayin shugabanta har zuwa 2015. Zuwa nan dai tarihinsa bai bambanta da na kowane haziƙin hafsa da ya yi sa'ar iyayen gida ba.

Zinaren ruwa da zinaren tudu

Bambancin ya fara bayyana sosai ne da aka tura shi tsibiran Maluku a 2015 ya zama kwamandan yanki. Maluku wuri ne da Musulmi da Kirista suka gwabza ƙazamin rikici daga 1999 zuwa 2002, dubban mutane suka mutu, kuma ko bayan sulhu ƙauyuka maƙwabta ba su daina riƙe juna a zuci ba. Doni ya ɗauki matsayin cewa mai yunwa da zaman banza ba ya jin wa'azin zaman lafiya. Sai ya fito da wani shiri da ya raɗa wa suna shuɗin zinare da koren zinare. Shuɗin shi ne arzikin teku, inda sojoji suka riƙa koya wa matasa kiwon kifi a cikin keji mai yawo a kan ruwa. Koren kuwa shi ne itatuwa masu kawo kuɗi, irin su kanumfari da gyaɗar ƙamshi, waɗanda tun asali saboda su ne Turawan Fotugal da na Holan suka yi ta kokawa a kan tsibiran ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A wannan zama ne kuma ya sa ƙafar wando ɗaya da masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba a tsibirin Buru, waɗanda ke wanke zinarensu da zaiba, gubar kuma ta gangara cikin kogi da teku ta shiga jikin kifin da mutane ke ci.

Son dashen itace ba a Maluku ya fara shi ba. Tun yana kwamandan birged a Sulawesi ta Kudu, wajen 2006 zuwa 2008, ya sa sojojinsa suka cika barikin da ya tarar fayau da wata itaciya mai faɗin inuwa da suke kira trembesi, har aka riƙa raba irinta a sauran sassan lardin.

Kogin Citarum

Aikin da ya fi ɗaga shi a idon farar hula ya zo ne a ƙarshen 2017, da aka ba shi rundunar Siliwangi mai kula da Java ta Yamma. A nan ne kogin Citarum yake, mai tsawon kusan kilomita 300. Kogin nan shi ke cika manyan madatsun ruwa uku, Saguling da Cirata da Jatiluhur, shi ke ba gonakin shinkafa ruwa, kuma daga gare shi ne mafi yawan ruwan famfon birnin Jakarta yake fitowa. Duk da haka ya yi ƙaurin suna a matsayin ɗaya daga cikin koguna mafi ƙazanta a duniya. Masana'antun saƙa da rini da ke kewayen Bandung suna tuttula masa ruwan sinadarai, gidaje suna zuba shara da bahaya, manoma kuma sun sare dajin da ke mafarinsa sun shuka kayan lambu. A wasu wuraren robobi sukan rufe fuskar ruwan har mai kwalekwale ya rasa hanya.

An sha kashe maƙudan kuɗi a kan kogin a baya ba a ga canji ba. Dabarar da aka bi a wannan karo, wadda Doni yana cikin waɗanda suka tsara ta, ta soja ce zalla. An yanka kogin gunduwa-gunduwa sama da 20, kowace gunduwa aka ɗora mata Kanar guda da sojojinsa, su kwana a ƙauyukan bakin ruwa, su kwashe shara tare da mazauna, su dasa itatuwa a mafari. Idan suka gano bututun da wata masana'anta ke sako dagwalo ta cikinsa a ɓoye, sai su toshe shi da siminti. Shugaba Joko Widodo ya ba shirin ƙarfin doka a watan Maris na 2018, da wa'adin shekara bakwai.

An yi nasara? Alƙaluman gwamnati sun nuna ingancin ruwan ya tashi daga mummunan gurɓata zuwa mai sauƙi. Masu fafutukar kare muhalli kuma suna cewa da zarar an yi ruwan sama mai ƙarfi sai shara ta dawo, kamar yadda aka gani a 2024 lokacin da hotunan wani sashe na kogin cike da robobi suka sake karaɗe kafafen sadarwa. A ganina duka biyun gaskiya ne. Soja zai iya toshe bututu da yamma, amma hana mai masana'anta haƙa wani da dare aikin kotu ne da jami'an sa ido, kuma waɗannan ba a gyara su da fareti.

A kujerar hukumar bala'o'i

An rantsar da shi shugaban BNPB ranar 9 ga Janairun 2019, yana Laftanar Janar kuma bai yi ritaya ba. Ya karɓi hukumar ne ƙasar tana cikin makoki. A watan Satumban 2018 girgizar ƙasa da tsunami sun hallaka mutane sama da 4,000 a Palu da kewayenta, inda a wasu unguwanni ƙasa ta narke ta zama taɓo ta haɗiye gidaje. A watan Disamba kuma wani ɓangare na dutsen Anak Krakatau ya rufta cikin teku da dare, igiyar da ta taso ta kashe sama da 400 ba tare da wani gargaɗi ba.

Abin da ya yi ta nanatawa tun daga farko shi ne cewa hukumar da ba ta motsi sai an mutu, ta zama hukumar rabon barguna da shinkafa. Rigakafi ya fi magani, in ji Bahaushe, kuma kusan a kan wannan ya gina aikinsa. A tsakiyar 2019 hukumar ta aika ayari ya bi gaɓar kudancin Java ƙauye-ƙauye, sama da 500, ana nuna wa mutane alamomin tsunami da hanyar gudu zuwa tudu. Ya kuma dage a kan dasa itatuwa a bakin teku domin su rage ƙarfin igiya, maimakon dogara ga katangar siminti kaɗai.

Gobarar dajin 2019, wadda ta ci kimanin hekta miliyan 1.6, ta ba shi damar faɗin abin da 'yan siyasa ba su cika son faɗa ba, wato kashi 99 cikin 100 na irin wannan gobara mutane ne ke kunna ta, akasari don share fili a yi gona. Matsalar ta fi muni a wata irin ƙasar fadama da suke kira gambut, wadda ruɓaɓɓen ganye da itace ne suka taru shekaru dubbai suka yi kauri. Idan aka haƙa magudanai aka tsane ruwanta domin a shuka kwakwar manja, sai ta bushe ta zama kamar gawayi, wuta ta riƙa ci ta ƙarƙashi makonni, jirgin sama na zuba ruwa a sama a banza. Maganin da ya yi ta kira a kai shi ne a toshe magudanan a mayar wa fadamar da ruwanta.

Da zaftarewar ƙasa ta binne ƙauyuka a yankin Bogor a farkon Janairun 2020, sai aka koma ga wata ciyawa mai suna akar wangi, ma'ana saiwa mai ƙamshi. Saiwarta tana nutsewa mita da dama a tsaye, ta riƙe gangaren tudu kamar an kafa ƙusoshi. Mai karatu da ya tashi a kusa da fadama zai gane 'yar'uwarta, domin dangi ɗaya suke da jema da muke da ita a ƙasar Hausa.

Annobar korona da matsalar harshe

Ranar 2 ga Maris 2020 aka sanar da mutanen farko da suka kamu da korona a Indonesiya, ranar 13 ga wata kuma aka naɗa Doni shugaban kwamitin yaƙi da cutar. An ruwaito cewa ya shafe watanni yana kwana a ofis bai koma gida ba. Cikin 'yan kwanaki aka mayar da rukunin gidajen da aka gina wa 'yan wasan Asiya na 2018 a Jakarta asibitin gaggawa. Irin wannan aiki na haɗa gadaje da motoci da ma'aikata cikin hanzari, nan ne soja ya fi kowa.

Sauran aikin kuwa bai jin umarni. Mutum miliyan 270 ba bataliya ba ce. Gwamnati ta hana tafiyar da suke kira mudik, wato komawa garin haihuwa domin Ƙaramar Salla, a 2020 da kuma 2021, amma mutane da yawa suka bi ta ɓarauniyar hanya. Duk wanda yake karatu ko sana'a a Kudu ya san yadda zuciya take yi idan Salla ta matso, saboda haka ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi kansa Doni ya yi tuntuɓe a watan Nuwamban 2020, lokacin da kwamitinsa ya aika takunkumin fuska 20,000 zuwa wani babban taron biki da wani fitaccen malamin addini ya shirya a Jakarta. Jama'a suka ce ashe doka ta talaka ce, mai mabiya kuwa har kyauta ake kai masa. Ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a.

A nan ne batun harshe ya shigo. A watannin farko, jami'ai sun riƙa yi wa jama'a bayani da kalmomin Ingilishi da na likitoci, waɗanda ko a Jakarta ba kowa ke gane su ba, balle a ƙasar da ke da harsuna sama da 700. Doni yana cikin waɗanda suka yi ta kira da a sauko da saƙon zuwa harshen da ake magana da shi a gida da kasuwa. An dunƙule ƙa'idojin zuwa uku aka kira su 3M, domin a harshen Indonesiya duka ukun da harafin m suke farawa: memakai masker, sanya takunkumi, menjaga jarak, ba da tazara, mencuci tangan, wanke hannu. Ɗalibin ilimin ƙirar kalma zai lura cewa wannan ba sa'a ba ce, ɗafa-goshin me- ne da harshen ke liƙa wa aikatau, shi ya ba su wannan dacewa kyauta. Da za a fassara shi zuwa Hausa kalma da kalma, da 3M ta watse, sai mai fassara ya nemo wata dabarar. An kuma jingina kamfen ɗin ga nasihar uwa, bisa tunanin cewa wanda zai yi wa minista kunnen ƙashi ba zai yi wa mahaifiyarsa ba. A watan Disamban 2020 hukumar raya harsuna ta ƙasar, tare da kwamitinsa, ta fitar da ƙa'idojin cikin harsunan gida 77.

Mu ma nan mun ga irin wannan aiki. Kalmar takunkumi da a da dabba ake sa wa a baki, ko a ƙaƙaba wa wata ƙasa a labaran duniya, ita ce ta faɗaɗa ta ɗauki ma'anar abin rufe hanci da baki, kuma ta zauna daram.

Indonesiya tana da hujja mai ƙarfi a kan darajar kalmar gida tun kafin korona. A tsibirin Simeulue, kusa da inda girgizar 2004 ta auku, akwai kalmar smong, wadda mutanen wurin suka gada daga tsunamin da ya afka musu a 1907. Kakanni sun riƙa sanya ta cikin labarai da waƙoƙin reno, cewa idan ƙasa ta girgiza, teku kuma ya ja da baya, kada a tsaya tsintar kifi, a hau tudu. Ranar da abin ya zo, aka yi ta ihun wannan kalma guda. A tsibiri mai mutum sama da 70,000, waɗanda suka mutu ba su kai goma ba, alhali a gaɓar Aceh garuruwa ne suka shafe.

Kaki a kujerar farar hula

Duk da farin jininsa, naɗin Doni ya tayar da tsohuwar muhawara. A zamanin Suharto, wanda ya sauka a 1998, sojoji suna da abin da ake kira aiki biyu, tsaro da mulki, suna riƙe da kujerun gwamnoni da na majalisa. Dokar soja ta 2004 ta taƙaita hukumomin da soja mai ci zai iya riƙewa zuwa goma, kuma BNPB ba ta cikinsu, sai da aka yi sabuwar dokar shugaban ƙasa a farkon 2019 kafin a rantsar da shi. Lokacin korona ma masana cututtuka sun koka cewa janar-janar sun yi yawa a teburin shawara, domin har ministan lafiya na lokacin likitan soja ne. Waɗanda suka gaje shi, Ganip Warsito da Suharyanto, su ma janar-janar ne na sojan ƙasa. A watan Maris na 2025 majalisa ta gyara dokar ta ƙara yawan hukumomin zuwa 14, har da BNPB, ɗalibai kuma suka fita zanga-zanga a birane da dama. Masu goyon baya sukan kafa hujja da irin su Doni. Masu adawa kuma sukan ce ba a yin doka saboda mutumin kirki guda, domin kujerar za ta daɗe bayan ya tafi. Ni dai na fi karkata ga na biyun, ko da yake ban ga abin da zai hana a yaba wa mutumin ba.

A watan Janairun 2021, bayan ya dawo daga Mamuju inda girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 100, da kuma Kalimantan ta Kudu inda aka yi ambaliya, shi ma ya kamu da korona, ya kuma sanar da hakan da kansa. Ya warke ya koma aiki, har ya jagoranci agajin guguwar Seroja a watan Afrilu. A watan Maris na shekarar Jami'ar Aikin Gona ta Bogor ta ba shi digirin girmamawa saboda ayyukansa na muhalli. Ya miƙa ragamar hukumar ranar 25 ga Mayun 2021, gab da ritayarsa daga soja, makonni kaɗan kafin nau'in Delta ya afka wa ƙasar har aka kai ga rasa sama da mutum 2,000 a rana guda a watan Yuli. Daga baya ya shugabanci ƙungiyar tsofaffin sojojin ƙasa. Ya rasu a Jakarta ranar 3 ga Disamban 2023 yana da shekara 60, aka binne shi a maƙabartar gwarazan ƙasa ta Kalibata.